Sauya wa Lasisin Babbar Manhaja Mazauni da Sake Tabbatar da Shi Bayan Gyaran Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa akan kai kwamfutar makaranta wajen gyara, idan aka dawo da ita sai a tarar da saƙo a gefen fuskarta cewa ba a tabbatar da lasisin Windows ba, alhali kafin gyaran komai lafiya lau yake. Wannan babi zai yi bayanin dalilin faruwar haka, da kuma matakan da ya kamata malami ya ɗauka domin kada makaranta ta yi asarar lasisin da ta biya kuɗi ta mallaka.

1.1 Ma'anar Lasisi da Tabbatarwa

Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da dukkan ayyukan kwamfuta, kamar Windows da Linux. Wanda ya sayi Windows izinin amfani da ita ya saya bisa wasu sharuɗɗa, wannan izini kuwa shi ne lasisi. Shaidarsa ita ce mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, waɗanda aka kasa rukuni biyar.

Kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin tabbatarwa cikin Windows XP a shekarar 2001, domin hana a ɗora kwafi ɗaya a kan kwamfutoci da yawa. Manhajar takan duba sassan na'urar, ta samar da wata lamba da za ta zama tambarinta, sannan a haɗa lambar da mabuɗin. A zamanin XP kwana 30 ake bai wa mutum ya kammala wannan aiki. Daga Windows 10, wadda ta fito a 2015, akan adana tambarin na'urar a rumbun kamfanin, ta yadda ko an sake ɗora manhajar za ta tabbatar da kanta da zarar ta hau intanet.

1.2 Ire-iren Lasisi

Lasisin Windows iri uku ne, kuma irinsa ne ke nuna ko zai ƙauru ko ba zai ƙauru ba:

i. Lasisin masana'anta, wanda ake kira OEM. Shi ne ke zuwa tare da sabuwar kwamfuta, kuma a ƙa'ida ba ya barin na'urar da ya zo da ita. Tun daga Windows 8 a 2012, manyan masana'antu kan binne mabuɗinsa cikin babban allon kwamfutar.

ii. Lasisin kanti. Shi ne wanda aka saya daban. Ana iya mayar da shi kan wata kwamfutar, da sharaɗin a cire shi daga ta farko.

iii. Lasisin sari. Hukumomi da manyan makarantu ke sayensa domin na'urori masu yawa, kuma hukumar ce mai shi. Wani nau'insa ma yana buƙatar sabuntawa cikin kowane kwana 180.

1.3 Sauyin da ke Shafar Lasisi

Ƙarin ram ko sauya ma'adanar bayanai ba su cika taɓa lasisi ba. Wanda ke taɓa shi shi ne sauya babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, domin a wajen Windows sabon allo sabuwar kwamfuta ne. Idan haka ta faru na'urar za ta ci gaba da aiki, sai dai saƙon gargaɗi zai zauna a fuskarta, kuma za a toshe wasu saituna, kamar sauya hoton bango.

1.4 Matakan da za a Bi

Mafi yawan aikin kafin gyara ake yinsa. Da farko a binciki irin lasisin. Umarnin slmgr /dlv yana nuna hakan. Na biyu, a adana mabuɗin da rasit a ofis. Na uku, a haɗa lasisin da asusun Microsoft, damar da aka samar a 2016.

Bayan gyara sai a ɗora bugu iri ɗaya da na da, domin lasisin Home ba ya tabbatar da Pro. Daga nan a hau intanet, a shiga da asusun nan, a buɗe sashen tabbatarwa da ke cikin saituna, a kunna mai warware matsala, a zaɓi bayanin da ke cewa an sauya wani sashe na na'urar kwanan nan. Mai lasisin kanti kuma yana iya sake shigar da mabuɗinsa kai tsaye.

A guji manhajojin satar tabbatarwa, domin sun saɓa wa sharuɗɗan lasisi, kuma sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta. Idan lasisin ya salwanta kuma babu kuɗin sabo, Linux ba ta buƙatar irin wannan tabbatarwa.

1.5 Kammalawa

An ga cewa irin lasisi da shirin da aka yi kafin gyara su ne ke tsare haƙƙin makaranta. Don haka ya kyautu malamin da aka damƙa wa ɗakin kwamfuta ya buɗe rajista, ya rubuta lambar kowace na'ura da irin lasisinta da inda aka ajiye mabuɗinta.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin lasisin masana'anta da na kanti.
2. Me ya sa sauya babban allo ke shafar lasisi?
3. Kawo matakai uku da za a ɗauka kafin a kai kwamfuta gyara.