Yadda Ake Magance Zubar Fetur Daga Kafiretar Babur: Jawabi Ga Jama'ar Indabo Da Kewaye

A mazaɓar Indabo ta Ƙaramar Hukumar Wudil, kamar sauran yankunan karkara na Jihar Kano, babur shi ne abin hawan yau da kullum. Da shi manomi ke zuwa gona, da shi ake kai amfani kasuwar Wudil ranar Juma'a, da shi kuma ake garzayawa da mara lafiya asibiti. Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, farashin lita ya ninka sau da yawa, har ya haura Naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024. Saboda haka duk man da ya zube a ƙasa asara ce babba ga magidanci.

Daga cikin matsalolin da suka fi damun masu babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng akwai zubar fetur daga kafireta. Mutum zai ajiye babur da dare, gari ya waye ya tarar ƙasa ta jiƙe, tanki ya yi ƙasa. Galibi dai wata 'yar allura ce ta kasa rufe hanyar mai, kuma gyaranta ba shi da tsada.

Yadda kafireta ke aiki

Kafireta ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Tanki yana sama, kafireta tana ƙasa, don haka mai da kansa yake gangarowa ta tiyo ya shiga wani ɗan kwano da ke gindinta. A cikin kwanon akwai wani abu mara nauyi, na roba ko na tagulla, wanda ke yawo a kan mai. Makanikai suna kiran sa fulot. A jikinsa aka rataya 'yar allura mai tsinin roba. Idan kwano ya cika, fulot ya ɗago, allurar ta toshe ƙofar da mai ke shigowa. Idan inji ya sha mai, fulot ya sauka, ƙofa ta sake buɗewa. In allurar ta kasa toshe ƙofar, mai ba zai daina shigowa ba, sai ya tumbatsa ya fita ta siririn tiyon da ke rataye a ƙarƙashin kafireta.

Abubuwan da ke haddasa zubar

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne datti. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɓarɓashin tsatsar tanki ya isa ya hana allura zama daidai. Dattin yakan zo ne daga man da ake saya a kwalba ko galan a bakin hanya, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. Ruwan da ke shiga tanki da damina shi ke jawo tsatsa.

Na biyu, tsufan allura. Yau da gobe tsininta yana cinyewa, ya yi zobe kewaye da shi. Gurɓataccen mai ma yana lalata roba. Jama'a ba su manta da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022 ba, wanda ya lalata injunan ababen hawa da dama.

Na uku, fulot ya huje ya sha mai, ya yi nauyi ya kasa ɗagowa. Na huɗu, fulot ya maƙale a kan sandarsa, abin da kan faru bayan babur ya faɗi ko ya daɗe a ajiye.

A lura: idan man yana tsatsafowa ne ta gefen kwano, ba ta tiyo ba, to robar da ke tsakanin kwano da jikin kafireta ce ta lalace, ita za a canja.

Haɗarin yin sakaci

Daƙiƙa 86,400 ke cikin kwana guda. Babur da ke ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa zai iya zubar da kusan lita 2 daga safiyar yau zuwa ta gobe. Bayan asarar kuɗi akwai gobara. Yawancin mutane a zaure ko a ɗaki suke kwana da babur, kusa da danga da karan dawa da harawa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bazu, har ya iske fitila ko murhu ko maganin sauro na kunnawa. Haka kuma man da ya tumbatsa yana iya gangarawa cikin inji ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi, daga nan fistin da ringi su fara cinyewa.

Matakan gyara

1. A kashe babur, a juya makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki zuwa OFF. A fitar da babur fili, nesa da wuta da mai shan taba, a bari inji ya huce.

2. A ɗan ƙwanƙwasa gefen kwanon a hankali da ƙotar sukudireba. Idan fulot ne ya maƙale, sau da yawa wannan yakan sake shi.

3. A tara gwangwani, a sassauta ɗan sukurun da ke gindin kwano, man ciki ya tsiyaye. A buɗe makunni na ɗan lokaci domin sabon mai ya wanke ƙofar allura, sannan a ɗaure sukurun. A duba gwangwanin ko akwai yashi ko ruwa a ƙasansa.

4. Idan zubar ba ta tsaya ba, a cire kafireta, a kwance kwanon a kan tsumma mai tsabta. A zare sandar fulot, a fito da shi tare da allura.

5. A girgiza fulot kusa da kunne. In an ji motsin ruwa a ciki, ya huje, sai sabo. A duba tsinin allura. In ya yi zobe ko ya taurare, a canja ta.

6. A wanke ƙofar allura da kwano da fetur mai tsabta, a hura iska. Kada a zura waya ko ƙusa a ƙofar, domin ƙarzuwa kaɗan za ta sa ta yoyo har abada.

7. Bayan an mayar da fulot, a kifa kafireta, a hura iska ta tiyo mai tsabta a mashigar mai. In iska ba ta wuce ba, allura tana rufewa. In ta wuce, akwai sauran aiki.

8. A harhaɗa, a buɗe mai, a jira kamar minti 5 kafin a tayar. A zaro ma'aunin baƙin mai a sunsuna. In yana warin fetur ko ya ƙaru, a juye a zuba sabo.

Abubuwan da za a guje wa

Wasu sukan ɗaure tiyon ƙasa ko su cusa masa tsinke don ɗigon ya tsaya. Wannan kuskure ne babba, domin man da aka hana fita waje cikin inji zai koma. Haka nan, idan babur ya kwana yana zuba sannan kik ya yi tauri, kada a danna shi da ƙarfi; mai ne ya cika silinda, a kira makaniki. Daidaita tsayin fulot na tagulla ma aikin gwani ne, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wajen sayen allura ko fulot, a tafi da tsohon a gwada, a kuma nemi mai inganci, araha ba ta ado.

Hanyoyin rigakafi

A mayar da rufe makunnin mai al'ada duk lokacin da aka ajiye babur, ko da lafiyarsa ƙalau. A sa ɗan matacin mai a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireta, a riƙa canja shi idan ya yi datti. In tilas ta sa an sayi man galan, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. A gyara murfin tanki kafin damina ta sauka. Wanda zai ajiye babur na makonni, ya tsiyaye man kwano tukuna.

Kira ga shugabanni

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da su isar da wannan bayani ga jama'arsu. Jami'an da ke riƙe da baburan aiki, irin su malaman gona da ma'aikatan lafiya masu fita allurar rigakafi, su riƙa duba ƙarƙashin babur kowace safiya, su kai rahoton zuba nan take. Idan kuma wuta ta kama, kada a watsa ruwa, domin fetur a kan ruwa yake yawo, wutar ƙara bazuwa za ta yi. A yi amfani da yashi, a janye yara da dabbobi, a sanar da jami'an Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ba tare da ɓata lokaci ba.