Koren Hasken Leza: Yadda Yake Samuwa da Haɗarin Ƙara Masa Ƙarfi

Daga cikin ƙananan kayan lantarki ƙirar ƙasar Sin da ke sauka a Maradi, kafin 'yan kasuwa su haura da su arewa zuwa garuruwa irin su Dakoro, akwai wata 'yar na'ura mai siffar alƙalami wadda ke fitar da siririn haske kore da ake hangowa daga nesa cikin dare. Sunanta leza, an kuma ƙera ta ne domin malamai su riƙa nuni da ita a kan allo ko su nuna taurari, amma a Amurka da Turai an samu masu sha'awar kwance ta, su sauya kayan cikinta, su sake haɗa ta domin ta ƙara ƙarfi. Tun da garin Dakoro ba ya rasa masu gyaran rediyo da salula da tocila, waɗanda hannunsu ya saba da dalma da batir, ya kamata a san abin da ke cikin wannan na'ura kafin a kai mata sukundireba.

Hasken leza ya bambanta da na tocila, domin na tocila gauraye ne na launuka da yawa da ke bazuwa ko'ina, shi kuwa na leza launi ɗaya ne tak da ke tafiya a dunƙule ba tare da ya watse sosai ba. Masanin kimiyya Theodore Maiman ne ya fara samar da shi a jihar Kalifoniya a shekarar 1960. Ana bambance launukan haske da tsawon zangonsu, wanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma koren leza da aka fi sani yana da nanomita 532. Idon ɗan Adam ya fi jin haske a wajen nanomita 555 da rana, shi ya sa koren leza ke fin jan leza haske nesa ba kusa ba ko da ƙarfinsu ɗaya.

Yawancin waɗannan na'urori ba sa samar da koren kai tsaye, sai sun bi matakai uku. Da farko batir yana kunna wani ɗan ƙwai da ake kira dayod, wanda ke fitar da haske mai nanomita 808, wato infared, hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani sosai. Wannan hasken yana faɗawa kan wani ƙaramin kiristal mai ɗauke da sinadarin neodimiyom, shi kuma ya fitar da haske mai nanomita 1064 wanda ba a gani ko kaɗan, sannan kiristal na biyu mai suna KTP ya raba tsawon zangon biyu, ya koma 532. Sai dai ba duka infared ɗin ke rikiɗa ya zama kore ba, don haka masana'anta ta gari takan sa 'yar matata a bakin na'urar domin tare ragowar, matatar da masu ƙera na araha sukan bari domin rage kuɗi.

Masu sha'awar ƙara wa leza ƙarfi sukan murɗa wani ɗan madaidaici da ke jikin allon wutar na'urar domin dayod ya sha wuta fiye da ƙima, wasu su cire matatar, wasu kuma su zaro dayod daga tsohuwar na'urar buga faifan DVD su dasa shi cikin sabon gida na alminiyom mai zuƙe zafi. Ƙarin wuta yana ƙara haske, amma yana gajarta ran dayod, kuma kiristal ɗin ba ya aiki daidai sai cikin wani yanayi na zafi ƙayyadadde. A wuri kamar Dakoro, inda zafin bazara ke haura digiri 40, koren yana iya dushewa alhali infared yana ci gaba da fita, sai mai gyara ya ɗauka na'urar ta yi rauni, ya matso da ido domin ya duba.

Ana auna ƙarfin leza da miliwat, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, kuma ƙa'idar duniya ta raba shi aji-aji: har zuwa miliwat 1 ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa, tana isa kariya, Amurka ta ƙayyade miliwat 5 ga lezar nuni, abin da ya wuce miliwat 500 kuwa yana ƙona fata, har hasken da ya dawo daga bango yana iya cutar da ido. Madubin da ke cikin ido yana tattara haske a ɗigo ɗaya a kan tantanin gani da ke can baya, kamar yadda gilashi ke tattara hasken rana har ya ƙona takarda, kuma wannan tantani ba ya jin zafi, ba ya kuma sake tsirowa idan ya ƙone. Infared ya fi muni, domin ido ba ya ƙiftawa saboda shi, kuma tabaran da aka yi domin tare kore kaɗai ba ya hana shi wucewa. Rubutun da ke jikin na'urar ma ba abin dogaro ba ne: a shekarar 2013 hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada leza 122, ta tarar kusan kashi 90 cikin 100 na koraye sun saɓa wa ƙa'ida.

Illar ba ta tsaya ga mai riƙe da na'urar ba. A ranar 29 ga Maris, 2022, 'yan kallo sun dallare fuskar ɗan wasan Masar Mohamed Salah da koren leza a wasan ƙwallon ƙafa tsakanin Senegal da Masar, abin da ya kasance cikin laifuffukan da suka sa FIFA ta ci Senegal tarar faran 175,000 na Suwizalan. A Amurka kuwa, tun 2012 haska jirgin sama da leza laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku na shekara biyar, duk da haka matuƙa jirage sun kai rahoto fiye da 13,000 a shekarar 2023.

Ga mai gyara a Dakoro, inda ganin ƙwararren likitan ido ke bukatar tafiya Maradi ko Yamai, sanin yadda leza ke aiki ilmi ne mai amfani, amma ƙara mata ƙarfi aiki ne da ke bukatar na'urar awon ƙarfin haske da tabarau mai tare kore da infared duka biyu, domin ido ba ya iya auna abin da ba ya gani. Wanda bai mallaki waɗannan ba, abin da ya fi masa shi ne ya bar matatar a wurinta, ya cire batir kafin ya buɗe na'urar, kada ya nuna ta ga mutum ko dabba ko direba, kuma kada ya sayar da ita ga yaro a matsayin abin wasa.