Karatun Abinci Mai Gina Jiki: Fagen da ke Jiran Ɗalibanmu

Duk wanda ya bi hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma da kaka, zai ga gero da dawa da wake da gyaɗa ko'ina. Duk da wannan albarka, tamowa ba ta bar yaran jihar ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Talauci da rashin tsaro suna da hannu a ciki, haka nan ƙarancin masu ilimin abin.

Shin mene ne aikin masanin abinci? Shi ne yake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da wani ɗan tsiri mai launi uku. Idan kaurin bai kai santimita 11.5 ba, tamowar ta yi tsanani, sai a ɗora yaron a kan haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari da sinadarai. Amma rigakafi ya fi magani. Don haka yakan koya wa iyaye mata shayar da nono zalla har wata shida, sannan ya nuna musu cewa koko tsura cika ciki kawai yake yi. In an haɗa geron da waken soya da gyaɗa, kunun ya zama mai gina jiki.

Ana yin wannan digiri cikin shekara huɗu. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan suna koyar da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuwa, wadda aka kafa a 2011, tana da sashen kimiyyar sarrafa abinci, wanda ɗan'uwansa ne na kusa. Akan nemi ɗalibi ya ci Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis da kyakkyawan sakamako.

Wanda ya kammala yana iya aiki a asibiti, ko hukumar lafiya matakin farko, ko NAFDAC, ko UNICEF, ko masana'antar abinci.

Saboda haka, ya kamata malamai su fahimtar da ɗalibai, musamman 'yan mata, cewa likitanci ba shi kaɗai ne hanyar ceton rai ba. Uwa a ƙauyen Kurfi ta fi sakin jiki da 'yar gida mai jin harshenta, wadda ta san abin da ke cikin rumbunta.