Daga Gadarif Zuwa Kwarin Gallabat

Matafiyin da ya bar birnin Gadarif na Sudan ya fuskanci kudu maso gabas a tsakiyar damina zai daɗe yana ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai baƙin laka, wadda aka soma nomanta da injuna tun wajajen 1945, gonakin dawa da na riɗi iya ganin ido, har sai ya wuce garin Doka sannan ƙasa ta fara hawa da gangara, itatuwan ƙaro su yi kauri, duwatsun Habasha kuma su ɓullo a gabansa suna ɗauke da hadari. A gindin waɗannan duwatsu, kimanin kilomita 150 daga Gadarif, Gallabat take, rafi ɗaya ne tak ya raba ta da Matamma ta Habasha, daga nan kuwa hanya ta yi ta hawa har Gwandar, mai tsawon fiye da mita 2,000 bisa teku.

Haƙiƙa kyawun wurin ni'ima ce daga Ubangiji, amma abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne mutanensa. Mahajjata daga Darfur da Wadai da Barno da ƙasar Hausa, waɗanda ake kira Takari, sun yada zango a nan da niyyar hutawa da neman guzuri, sai albarkar ƙasa ta riƙe su, suka yi noma, suka kafa kasuwa inda audugar Sudan ke haɗuwa da gahawa da zuma da kakin da ake saukowa da su daga kan duwatsu, har suka naɗa shehunansu masu hukunci a tsakaninsu. A wannan kwari ne kuma, cikin watan Maris na 1889, Ansarun Mahadi suka gwabza da rundunar Habasha, Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya sami raunin da ya zama ajalinsa.

Wanda zai je ya guji kwanakin da ruwa ya yi ƙarfi, domin lakar nan tana kama ƙafar mota ta hana ta motsi da zarar an sauka daga kwalta, ya kuma tanadi gidan sauro saboda cutar kala'azar da ta addabi ƙauyukan kogin Atbara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, sa'ad da dubban 'yan ƙwadago ke gangarowa daga Habasha domin yankan riɗi.