Littafin Anuhu a Wasiƙar Yahuza: Matsayin Rubuce-rubucen Yahudawa da Ba Su Shiga Kundi ba a Sabon Alkawari

1.0 Gabatarwa

Wasiƙar Yahuza tana daga cikin littattafai mafiya gajarta a Sabon Alkawari, domin ayoyinta 25 ne kacal. Duk da haka ta daɗe tana ɗaure wa malaman Kirista kai, saboda marubucinta ya kafa hujja da littattafan Yahudawa waɗanda babu su a Tsohon Alkawari. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka yi aron da yadda magabata suka ɗauke shi. An yi amfani da kalmar “kundi” a nan da ma'anar jerin littattafan da wata al'ummar addini ta amince cewa nassi ne.

2.0 Anuhu da Littafinsa

Abin da Littafin Farawa (5:21-24) ya faɗa game da Anuhu taƙaitacce ne: ya rayu shekara 365, ya kusanci Allah, sannan Allah ya ɗauke shi. Wannan gajeren bayani ya buɗe wa marubutan Yahudawa ƙofa, suka jingina masa wahayi iri-iri. Littafin Anuhu na Farko tari ne na rubuce-rubuce masu babi 108. Sashensa na farko (babi 1-36), wanda masana ke danganta shi da wajejen ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ya faɗaɗa Farawa 6:1-4, inda ya ba da labarin mala'iku 200 da suka sauko duniya suka auri 'yan Adam, suka koya musu sihiri da ƙera makamai, aka kuwa ɗaure su har ranar hisabi.

A aya ta 14 da ta 15, Yahuza ya ɗauko Anuhu 1:9 kusan kalma da kalma, a kan zuwan Ubangiji da dubban tsarkaka don yanke hukunci. Aya ta 6, mai magana kan mala'ikun da aka tsare cikin duhu, ita ma daga wannan rijiya aka ɗebo ta. Abin lura shi ne fi'ilin da ya gabatar da maganar da shi: cewa ya yi Anuhu ya yi annabci. Wasu na kwatanta wannan da yadda Bulus ya ari baitin mawaƙan Girkawa a Ayyukan Manzanni 17:28. A ganin mai wannan nazari kwatancen bai zauna sosai ba, domin Bulus mawaƙa ya kira su, yana kuma jawabi ne ga Girkawa da abin da suka sani, alhali Yahuza muminai yake wa gargaɗi da maganar da ya ɗauka annabci ce.

Tarihin littafin ma abin mamaki ne. Ya ɓace wa Turai tsawon ƙarnoni, sai a Habasha ya tsira cikakke cikin harshen Gi'iz, kuma har yau yana cikin kundin cocin Orthodox na ƙasar. James Bruce ne ya kai kwafe-kwafensa Turai a 1773, Richard Laurence ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1821. Gutsattsarin Aramiyanci da aka samu a kogo na 4 a Kumran, waɗanda J. T. Milik ya wallafa a 1976, sun tabbatar da cewa wannan sashe ya girmi wasiƙar Yahuza nesa ba kusa ba.

3.0 Sauran Wurare

Aya ta 9 ta wasiƙar ta ambaci jayayyar Mika'ilu da Iblis a kan gawar Musa. Maimaitawar Shari'a babi na 34 bai san wannan jayayya ba. Orijin, malamin Iskandariyya na ƙarni na 3, ya ce daga wani littafi ne kan ɗaukewar Musa zuwa sama. Rubutun Latin da Antonio Ceriani ya buga a 1861 ya yanke kafin ƙarshe, wato daidai inda ake tsammanin labarin. Haka nan 2 Timoti 3:8 ta kama sunayen bokaye biyu da suka yi hamayya da Musa, sunayen da babu su a Littafin Fitowa, kuma Ibraniyawa 11:37 ta ambaci waɗanda aka tsaga da zarto, abin da ya dace da labarin kisan Ishaya a zamanin Sarki Manassa.

4.0 Martanin Magabata

Tatuliyan na Kartaj ya kafa hujja da Yahuza don kare Littafin Anuhu. Bayan kusan ƙarni biyu al'amarin ya juye: Jerom ya ruwaito cewa mutane da yawa suna ƙin wasiƙar Yahuza saboda ta ari Anuhu. Tun kafin su ma akwai alamar ɗari-ɗari, domin babi na 2 na 2 Bitrus, wanda mafi yawan masana ke ganin ya dogara da Yahuza, ya riƙe labarin mala'ikun amma ya bar sunan Anuhu da batun gawar Musa. A ƙarshe, jerin da Atanasiyus ya fitar a 367 ya karɓi Yahuza, bai karɓi Anuhu ba.

Tambayar “me ya sa Yahuza ya fita daga kundi?” tana ɗora wa ƙarni na 1 iyakar da ba ta gama tabbata ba sai daga baya. Kumran ta nuna cewa akwai Yahudawan da suke kwafar Anuhu da himma kamar yadda suke kwafar littattafan annabawa.

Manazarcin Hausa yana da abin kwatance a kusa, wato Isra'iliyyat a tafsiri, waɗanda Ibn Kasir ya kasa gida uku: abin da nassi ya gaskata, da abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kai. Malaman tafsiri da dama ma sun ce Annabi Idris shi ne Akhnukh, wato Anuhu. Sai dai akwai bambanci: Isra'iliyyat a cikin sharhi suke, ana iya tace su nassi ya tsaya yadda yake, amma aron Yahuza a cikin nassin yake. Mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ba shi da ikon cire shi, kuma mai karatu da ya bi sawun annabcin Anuhu zuwa Farawa ba zai same shi a can ba, sai fa idan an yi masa bayani a ƙasan shafi.