Idan Fankar Iyakwandishan Ta Tsaya

Ya kai ɗalibi, ka sani akwai fanka a cikin na'urar sanyaya ɗaki, ita ke huro sanyi. In ta tsaya alhali injin waje na aiki, ƙanƙara za ta taru, ruwa ya riƙa ɗiga.

Da farko a kashe wuta daga bango, sannan babba ya juya fankar da tsinke. In ta cije, ƙura ce ko boris ya lalace. In tana juyawa, amma da an kunna sai gurnani, galibi kafasita ce. In kuwa an ji ƙauri, kwayil ya ƙone.

Kada ka taɓa kafasita, tana riƙe wuta ko an kashe. A kira mai gyara.