Tsohuwar Prius: Gyara Ko Sauyi?

Tun da Toyota ta fito da Prius a Japan a 1997, abin da ya fi tayar wa masu motar da ke haɗa fetur da lantarki hankali shi ne ranar da babban batirinta zai gaza. Da fitilar gargaɗi ta kunna, sai maigida ya fara lissafin sabuwa. A ganina wannan gaggawa ce. Batirin samfurin 2004 zuwa 2009 ƙunshi ne na sassa 28, kuma zafi ne babban magabcinsa. Akwai ƙaramar fanka da ke jawo masa iska daga kusa da kujerar baya. Idan ƙurar hunturu ta toshe ta, batirin yakan yi ta dahuwa a ranar Kano ko Maradi har ya raunana. Wanke fankar aiki ne mai araha, kuma ko sauya batirin gaba ɗaya bai kama ƙafar kuɗin wata motar ba.

Wani zai ce sabon samfuri ya fi tsimin mai, musamman bayan cire tallafin fetur a Nijeriya a 2023. Gaskiya ne, amma tsohuwar ma ba mashayiya ba ce, kuma ɗan bambancin zai ɗauki shekaru kafin ya biya kuɗin sayen. Inda hujjarsa take da nauyi shi ne idan injin ya fara shan baƙin mai, famfon birki ya lalace, ga shi babu makanikin da ya san irin wannan mota a kusa. A nan kam, rabuwa da ita ya fi.